Yatsun Saude

Saude matar Uba Mai Ƙaho, ai duk wanda ya tashi a garin nan ya san ta. Doguwa, siririya, magana ba ta dame ta ba. In kun bi bakin kanal ta wajen hanyar Bunkure, inda ƙaramin ya ɓalle daga babban, gidansu ne na farko. Ba sai an nuna muku ba ma, hanci zai kai ku. Wari kamar an ƙona gashi, to warin ƙaho ke nan in ana gasa shi.

Ita asalinta 'yar ruga ce. Mijinta na fari makiyayi ne, ciwon ciki ya ɗauke shi da ƙuruciyarsa, ya bar ta da ɗa ɗaya, Amiru, ga kuma tsohuwarta, Inna. Lokacin gonakin rani sun cinye makiyaya, rugar ta watse, kowa ya kama gabansa. Sai Uba ya fito ya ce yana so, kuma ya ji ya gani, zai riƙe ta da agola da suruka duka. Gari ya ɗauka, wai Uba ya yi jihadi. Hm. Ashe ba mata ya auro ba, hannu ya auro.

Sana'arsa ƙaho ce tun kakansa. Ya je wajen mahauta ya kwaso ƙahonin shanu, ya dafa, ya zare ƙashin cikin, ya yanka da zarto, ya gasa ya miƙar. Da shi yake ƙotar lauje, da ƙotar wuƙar mahauta, da ƙahon wanzamai. Daga baya ma 'yan birni suka gano shi, suna zuwa yana yi musu awarwaro da maɓallai. In ya gama sassaƙa sai ya ɗora a injin gogewa, duk sawun zarto ya ɓace, ƙaho ya fito yana sheƙi, har ka ga fuskarka a ciki.

To amma ƙaho mai sheƙi ba mai saye. Mai yankan shinkafa yana cikin ruwa, hannu a jiƙe, lauje ya suɓuce ya sare shi. Mahauci hannunsa duk kitse da jini. 'Yan birni kuma su ce mai ƙyalli kamar roba yake, ba wanda zai yarda ƙaho ne. Dole sai an kashe ƙyallin nan, a kashe shi bai ɗaya, ba zane ba tabo, ya yi laushin ido kamar ƙwan zabo. Wannan shi ne aikin Saude.

Ɓuntun shinkafa take kwasowa daga injinan Kura, ta ƙona, ta tankaɗe tokar, ta dama da ruwa a tsohon kwano. Sai ta lakato da yatsa ta dinga murza ƙahon, tana juya shi, tana murzawa. Tokar ɓuntu kuwa kun san ta, a ido laushi, a fata kamar garin kwalba. Uba ya hana a sa tsumma, ya ce tsumma yana barin layi, kan yatsa ne kawai yake jin inda santsi ya rage. Kuma a nan bai yi ƙarya ba. Saude ko ido ta rufe ta san inda ƙyalli ya ɓuya. Tun tana goyon 'ya'yan da ta haifa masa, waɗanda ba su zauna ba, har furfura ta fito mata, kwanon tokar nan yana gabanta.

Amiru kuwa bai ji daɗin gidan ba. Uba bai taɓa dukansa a gaban mutane ba, amma tuwonsa kullum a murfin kwano yake. Yana tasawa ya gudu kasuwar tumatir ta wajen Kadawa yana lodin kwanduna. Daga lodi ya zama yaron mota zuwa Legas, daga nan ya zama dillali, Allah Ya buɗa masa.

Sai dai ku san wani abu. Amiru ɗan fari ne, Saude kuma kunyar rugarsu ba ta bar ta ba. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take cewa. In ya zo gaishe ta, sai ta juya baya ta fuskanci bango, ya durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa a ciki-ciki. Duk abin da zai faɗa mata, da ta bakin Inna yake bi. Da Inna ta makance, kunne ma ya yi nauyi, sai maganar ta koma bi ta wayar Uba.

Wata shekara tumatir ya yi kuɗi, Amiru ya zo ya sami Uba a zaure cikin mutane, ya durƙusa.

Ya ce, "Baba, na biya wa tsohuwata kujerar Makka. Na zo neman izininka."

Uba ya ɗaga hannu sama. "Masha Allah! Na yarje, duniya da lahira. Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan."

Amiru bai kai bakin titi ba Bilya mahauci, wanda Uba yake sayen ƙaho a wajensa, ya fashe da dariya. Dama abokin wasansa ne.

"Kai Uba, ashe mijin Hajiya za ka zama! To wa zai riƙa kai wa wani ruwan wanka?"

Wani ya ce, "Ai shi zai riƙe mata jaka har filin jirgi, ya ɗaga mata hannu, ya hau motar Kura ya dawo."

Bilya ya ce, "Ka kwantar da hankalinka, za ta kawo maka hula da carbi. In ka yi ladabi har da dabino."

Uba ya yi dariya tare da su. Amma wanda ya san shi ya san dariyar nan iyakarta haƙori.

Saude kuwa da labari ya je mata, sai ta shiga ɗaki ta yi sujada, ta daɗe ba ta ɗago ba. Matar da ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba.

Aka sa ranar yin fasfo, Uba ya kai ta Kano. Suka sha layi, aka zo kanta. Wata yarinya ma'aikaciya ta ce ta ɗora yatsu a kan wani ɗan gilashi mai haske. Ta ɗora. Shiru.

"Mama, goge hannun a zaninki. Yauwa, sake ɗorawa. Danna sosai."

Shiru.

"Kawo ɗaya hannun."

Shi ma haka. Yarinyar ta kamo hannun Saude ta juya shi, ta kai shi wajen haske, ta ƙura ido. Sai ta ce, "Ikon Allah. Mama, wane aiki kike yi? Ai ba ki da zanen yatsa ko ɗaya. Sumul suke kamar bayan cokali."

Saude ba ta ma san ana da wani zane a yatsa ba. Yarinyar ta nuna mata nata, ga su nan a nannaɗe kamar an zana da allura. Ta ce, "Kar ki damu, yana dawowa. Ki ajiye aikin nan, ko wanki kar ki yi. Ki riƙa shafa man kaɗe safe da yamma. Akwai sauran lokaci kafin a rufe, ki dawo mu gwada."

A mota Uba ya dinga ba fasinjoji labari. "Kun taɓa jin mutum ba yatsa? Ga ta nan. Inji ya duba ya ce ba kowa a wajen." Mota ta ɗauki dariya. Saude ta tura hannuwanta cikin hijabi.

To, ta ajiye toka. Tunda ta shigo gidan nan ba ta taɓa wuni hannunta a bushe ba sai lokacin. Maƙwabciyarta Nafisat ta karɓe mata girki da wanki, ta ce ita ladan take nema, a dai yi mata addu'a a gaban Ka'aba. Saude ta shafa man kaɗe ta naɗe hannuwan da tsohon ɗankwali, kamar mai ƙunshi. Kullum da hantsi ta kwance, ta fito rana ta duba. Da fari ba komai. Can sai ga wasu 'yan layuka sun fara tasowa, siri-siri, kamar kunyoyin gona in ruwa ya fara janyewa. Ta ruga wajen Inna kamar ƙaramar yarinya.

"Inna, taɓa ki ji."

Tsohuwa ta kama babban yatsan ta shafa a leɓenta, don nan ne ya rage mata ji sosai. Ta ce, "Sun fara. Wallahi sun fara. Kin ga, Allah Ya ajiye miki su a ƙarƙashi."

Ta shiga zuwa bita da sauran maniyyata, tana dawowa tana ta maimaita Labbaika a tsakar gida, tana kuskurewa tana sakewa.

Uba bai ce mata ci kanki ba. Ƙahoni suna taruwa a kusurwar zaure suna sheƙi, yana wucewa yana kallonsu, yana kallon hannunta a naɗe. Sai dai ya ce, "Hajiya, an tashi lafiya? Ya hannun Saudiyya?"

Ran nan ta dawo daga bita, ta yi sallama ta shigo. Sai ta tarar da Inna a tsakar gida, a kan tabarma, cikin rana. Ga kwanon toka a gabanta, ga tulin awarwaro a gefe. Tsohuwa tana laluba tana lakato toka tana murzawa. Fatar tsufa kuwa kamar takardar sigari. Ruwan tokar ya koma ja-ja.

"Inna! Me kike yi haka?"

Inna ta ce, "Ke ce? Zauna abinki. Mijinki ya ce aiki ya tsaya, kuma in aiki ya tsaya gida ya tsaya, ba zancen tafiya. Na ce to ni me nake yi da hannu? Ni ba inda za ni. Ki bar ni in yi miki wannan."

Saude ta sa yatsa a kwanon ta murza. Ba toka kaɗai ba ce, an zuba yashin kanal a ciki.

Uba yana bakin ƙofa a kan turmi yana sakace. Ta je ta durƙusa.

"Malam, Inna ce fa."

"Na gan ta. Na tilasta ta ne? Tambaye ta."

"Malam, jini take yi."

"Ke da kika fara ba ki yi jini ba? Yana warkewa. Gidan nan kowa baki gare shi, dole wani ya motsa hannu. Ke dai Hajiya ce, je ki huta, kar man ya goge."

Ta kama Inna ta kai ɗaki, ta wanke mata hannu, ta ɓoye kwanon a bayan rumbu. Washegari tana fitowa daga wanka, ga Inna a tabarma da sabon kwano. Nafisat ta ce ita za ta koya ta yi, Uba ya ce sirrin sana'ar kakansa ba zai fita gidan wani ba, kuma daga yau kar ta ƙara taka masa zaure. Saude ta gwada da tsumma, ya ɗaga a rana ya nuna mata layi, ya watso mata su a cinya. Ta gwada da gindin tafin hannu, amma cikin awarwaro sai kan yatsa yake shiga. Duk awarwaron da ya ce bai yi ba, a gaban Inna yake zube shi.

Nafisat ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Yaya Saude, ki kira ɗanki mana! Ga wayata, yanzu sai in latsa miki."

Saude ta ce, "Da wane bakin? In kai ƙarar miji wajen ɗan fari?"

"To ni bari in gaya masa."

"Na haɗa ki da Allah, kar ki yi. Yaron nan zuciya gare shi, ya daɗe yana haɗiya. In ya ji, zuwa zai yi ya sa wa tsoho hannu, ya jawo wa kansa abin faɗa har jikokinsa. Kuma in Malam ya janye izininsa, ko na je me na samo? Awarwaron ba yawa gare su ba. In na dage na gama da wuri, in sake naɗe hannun, zai dawo kafin ranar."

Nan ta yi kuskure. Ta kwance ɗankwalin, ta ja kwanon gabanta, ta kama murza da ƙarfin da ba ta taɓa sawa ba, don ta yi sauri. Ga yashi a ciki. Tana gama tulin, ranar kasuwa ta zagayo, sai ga Uba da buhu daga wajen Bilya. Ta gama wannan, ga wani. Bilya da kansa ya ce, "Kai Uba, shanun Kano kaf za ka yi wa aski ne?" Uba ya ce kasuwa ce ta buɗe.

Ranar komawa ta zo. Yarinyar nan ta gane ta, ta tare ta da fara'a. "Mama, an huta dai ko? Kawo mu gani." Tana juya hannun sai fara'ar ta ɗauke. Yatsun sun fi na da sumul, har sun yi ja, wasu sun tsage.

"Haba Mama. Ba na ce ki ajiye ba?"

Saude ta sunkuyar da kai.

Yarinyar ta juya wajen Uba tana yi masa bayani da sauri, rabi da Turanci, wai akwai wata hanya ta daban ga irin masu wannan matsala, a je wajen likita, a hau sama wajen oganta, amma a hanzarta don lokaci ya ƙure. Uba yana ta gyaɗa kai. "To, to, ranki ya daɗe. Za mu dawo." Suna fita Saude ta ce, "Malam, me ta ce a yi?" Ya ce, "Ta ce ki yi haƙuri."

Suna isa gida ya kira Amiru a gabanta, ya buɗe muryar wayar. Da kun ji yadda ya karya murya, sai ku rantse kuka zai yi.

"Ɗan nan, mun yi iya yinmu. Sau biyu ina kai ta. Allah bai kira ta bana ba. Ga shi an ce in ba a sa sunan wani ba kujerar ƙonewa za ta yi. Ni abin da ya dame ni ke nan, wahalarka."

Amiru ya ce, "Baba, ba ni tsohuwa."

Uba ya miƙa wayar saitin bakinta, bai sake ta ba. Saude ta juya ta fuskanci bango, kamar yaron yana bakin ƙofa.

"Umma, haka ne? Hannun bai yi ba?"

Inna tana ɗaki tana tari. Uba yana tsaye a kanta. Ta buɗe baki. Ɗan da ko sunansa ba ta taɓa kira ba, yau ta ina za ta fara?

Ta ce, "Haka ne."

"Kin huta da aikin kuwa, kamar yadda suka ce?"

Uba ya ce, "Har naɗe hannun ta yi, kowa shaida ne."

Amiru ya ja numfashi. "To shi ke nan. Baba, kai ka je bana, kar ta tafi a banza. Baɗi in Allah Ya kai mu sai ita."

Uba ya ce, "Kai, ɗan nan, ban so haka ba. Amma tunda ka matsa."

Shi da ya je, yana ɗora yatsa inji ya karɓa. Dama shi zarto da mai kawai hannunsa ya sani.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. To Saude ta dafa, wani ya shanye.

Ya dawo da farar jallabiya da haƙorin Makka, in ya yi magana sai walƙiya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa ƙyalli ba ya sayuwa. Gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, Saude ce mai zagayawa da zamzam a 'yan ƙananan kofuna. Yana zaune yana ba da labari, sai ya nuna ta da baki.

"Ai can ma kuna sauka sai an ɗora yatsa. Da ta je, da a jirgin da ya kai ta za a juyo da ita. Ni na rufa mata asiri. Ko ba haka ba, Hajiya?"

Bai daina kiranta Hajiya ba. Yaran unguwa suka ɗauka, in ta fito ɗiban ruwa su bi ta, "Hajiya ba yatsa! Hajiya ba yatsa!"

Baɗin da aka ce kuwa, wata tsutsa ta faɗa wa tumatir, gonaki suka ƙone kamar an zuba musu wuta. Amiru ya karye. Kafin ya miƙe kuɗin kujera ya yi tashin da sai dai a ji a rediyo. Kowace shekara ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Umma, a ƙara haƙuri." Ta ce wa bango, "Ba komai."

Inna ta rasu da damina. Ranar da aka share makoki Saude ta ɗauki kwanon toka a ka, ta ratsa ta zaure a gaban Alhaji Uba da baƙinsa, ta je ta kifar da shi a kanal, har kwanon. Ta dawo ta wanke hannu. Ya yi faɗa, ya yi zagi, ya yi rantsuwa, ko kallonsa ba ta yi ba. Ba sauran tsohuwar da zai shimfiɗa wa tabarma. Bai yi sati ba ya samo matan ƙauyen gaba suna yi masa, da sirrin kakan nasa da komai.

Ita kuwa ta koma shafa man kaɗe, safe da yamma, ba fashi. Zanen ya dawo tsaf, yatsu goma, har ya fi na yarinyar ofis fitowa. In Amiru ya zo, tana fuskantar bango, sai ta miƙo hannu ɗaya baya ta shimfiɗa shi a kan tabarma, tafin yana sama, ta bar shi a nan har ya gama gaisuwa. Ko ya gane ko bai gane ba, Allah masani. An dai ce yakan daɗe kansa a ƙasa.

Bara waccan ta rasu, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Nafisat ce ta yi mata wanka. Ta ce da ta zo kan hannuwan sai da ta tsaya, don ruwa ba ya zama a kansu saboda mai, ga zanen nan raɗau, kowane yatsa da nasa.

A waje kuwa Alhaji Uba yana karɓar gaisuwa, haƙori yana walƙiya. Duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Mace ce mai haƙuri. Tunda muke ban taɓa jin ta ɗaga murya ba."

Yana nan da ransa. In kun bi ta bakin kanal da hantsi za ku gan shi a zaure.